Azumin Ƙarya na Yaya Kubra

Yaya Kubra, wadda nake bi, a unguwar Dilimi ta Jos aka haife ta, a gidan da kakanmu ya gina da gumin haƙar kuza. Tun muna yara babu abin da ba ta ci. Innarmu takan ce cikin Kubra ko tsakuwa aka zuba masa zai niƙe. Abu ɗaya ne ya hana ta sakat a duniya, kunya. Mace ce da in za ta zagaya banɗaki sai ta ɓoye buta a cikin mayafi, kamar ta sato ta.

Bayan ta haifi 'yarta Fiddausi ta kama rumfar atamfa a kasuwar Laranto. Rumfar da ke manne da tata ta Akunna ce, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da robobi da kuloli, wadda kowa ke kira Maman Obum. Shekara ashirin da shida suna cin abincin rana a kwano ɗaya, yau wannan ta kawo, gobe waccan. Saboda Yaya, Maman Obum ba ta sayen nama ko'ina sai wajen mahautanmu na Abatuwa. Da garin nan ya birkice aka raba unguwanni, kowa ya koma cikin nasa, su ba su fasa ba. Har ta kai duk ƙungiyar da ta zo wa'azin zaman lafiya sai an kai ta ta ɗauki hotonsu suna cin shinkafa. Ni da idona na ga yayata a jikin kalanda riƙe da ƙashin kaza, an rubuta Haɗin Kai a ƙasa.

Shekara uku da suka wuce cikin nan mai niƙa tsakuwa ya yi mata tawaye. Murɗa, zawo har da jini, gwiwoyi suka kumbura, ta rame kamar an zare mata nama. Ta sha jiƙo, ta sha maganin taifot har zagaye huɗu, domin a wajen masu kemis ɗinmu duk ciwon da ba maleriya ba taifot ne. Da ƙyar na ja ta asibiti. Bayan gwaje-gwaje, likitar, wata Dakta Loyis, ta ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar hanjinta, wato masu gadin gida sun koma dukan 'yan gida. Ta ɗauko biro za ta zana mana yadda hakan ke faruwa, na ce likita huta, mu 'yan Jos ne, mun gane.

Ta rubuta magani, ta ce kada a kuskura a bar shi, ciwon ba ya tafiya gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Sannan ta ba mu takarda: mako shida ba fulawa, ba madara, ba barkono, ba soye-soye, ba magi. Bayan nan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ga wanda hanjin ya ƙi. Abin da ya rage mata gwaten acca ne da kabewa da dafaffen kifi. Abincin da kakarmu ke ci don babu, shi aka buga mana da Turanci a takarda mai tambari.

Tun a cikin Keke Napep na ce mata ta gaya wa Maman Obum. Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba ɗankwali. Wai da wane baki za ta ce tana zawo, kuma na san in mace ta rame ana zancen zawo, wane ciwo 'yan kasuwa ke laƙa mata. Ta ce ita ta san dabarar da za ta yi.

Dabarar ita ce azumi. Ta ce wa aminiyarta ramuwa take yi. Baiwar Allah Maman Obum ta koma cin abincinta a bayan kuloli don kada ƙamshi ya dami mai ibada. Mako na biyu ya wuce. A na uku ta tambaya, wai kwana nawa ake bin ki ne, azumin naku gaba ɗaya ba talatin ba ne? Yaya ta ce yanzu nafila ta shiga. Ran Talatar mako na huɗu, da tsakar rana, Maman Obum ta leƙa rumfar Yaya don aron almakashi, ta tarar da mai nafila a tsugune bayan dilar atamfa, cokali a baki.

Maman Obum ta ɗauki almakashin ta fita. Sai dai Ummusalma mai gwanjo, da rumfarta ke kallon tasu, ta ga komai, ita kuwa in ta ga abu to har unguwar Faringada ma ta gani. Kafin la'asar labari ya rabu biyu. Wasu suka ce Yaya ta shiga sahun masu ƙyamar abincin Kirista. Wasu suka ce wani malami ne ya duba mata ya ga ana barbaɗa mata wani abu a miya. Maman Obum ta ja bencinta ta mayar ɗaya gefen, gaisuwa ta koma ɗaga hannu.

Abin haushin, sai Yaya ta fara samun sauƙi. Kumatu suka ciko, gwiwa ta saɓe, tana hawa matakala ba ta dafa bango. 'Yan kasuwa suka ce ai ga shi nan, daga barin cin abincin matar nan ta murmure. Ni na yi masifa har na gaji. Na ce Yaya, kalma ɗaya za ki faɗa ki wanke matar nan. Kullum sai ta ce gobe. Ina jinta tana kuka a kan sallaya, amma bakin nan ya ƙi buɗuwa.

Ana haka bikin Obum ya taso, ɗan Maman Obum na fari. Katin gayyata ta hannun wata aka aiko, alhali katako ɗaya ne tsakanin rumfunan. Yaya ta ɗinka anko, muka tafi. Ta zauna a teburin gaba inda rabin Laranto ke kallo, ta sa aka cika mata faranti da jalof mai yaji, da soyayyen nama, da cincin, ta ɗora da kek. Na mintsine ta a cinya, ta ture hannuna. Ta cinye tas tana gumi, tana waige don ta tabbatar kowa ya gani. A lissafinta, ta kashe magana ke nan ba tare da ta ambaci banɗaki ba.

Kwana biyu bayan nan muna gadon asibiti ana mata ƙarin ruwa. Dakta Loyis ta yi faɗa kamar ta ari baki. A kasuwa kuwa shari'a ta ƙare: ta bar abincin ta warke, ta koma ta ci ta kwanta, wace shaida kuma ake nema? Matan layinmu suka daina sayen ko kofin roba a wajen Maman Obum, har da masu cewa a kai maganar ga 'yan sanda.

Ran na huɗu sai ga Maman Obum a asibiti, hannu rabbana, ko lemo ba ta riƙo ba. Yaya ta yi mini alama na miƙa mata takardar likita. Maman Obum ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta sake komawa sama.

"Maman Fiddausi," ta ce, "zawo ne?"

Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kin gwammace a ce na ba ki guba, da ki ce mini kina zawo."

Ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci ɗaya irin na ranar ba. Maman Obum ta ninke takardar ta sa a jaka, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta tafi.

Da aka sallame mu, Yaya Kubra mai ɓoye buta ta bi layin kasuwa rumfa rumfa tana ba da labarin hanjinta, har da sau nawa take zagayawa a yini. Wasu suka yarda. Ummusalma ta ce rufin asiri ne kawai irin na masu haƙuri.

Ranar Litinin da azahar Maman Obum ta dawo da bencinta, ta buɗe kula. Gwaten acca ne da kifi, ba yaji ba magi, daidai da takarda. Yaya ta kai hannu, Maman Obum ta ce dakata. Ta miƙe tsaye a bakin rumfa inda kowa ke gani, ta ci cokali uku, ta haɗiye, ta ɗan jira, sannan ta turo kwanon.

Haka take yi kullum har yau. Yaya ta roƙe ta da hawaye ta daina, ta ce ita ba ta taɓa zarginta ba ko na minti ɗaya.

"Na sani," in ji Maman Obum. "Ba don ke nake yi ba."