Fanka Takwas a Falon Alhaji

Abin da nake nadama har yau shi ne girman kan da ya hana ni tambaya. Na shekara talatin ina aikin wayarin, wato haɗa wayar lantarki, a Yelwa, ina zane da fensir a bayan kwali, da alamomin da na ƙirƙiro da kaina. Sai ɗiyata ta sa mini manhajar zane a kwamfuta. Wani Alhaji, dillalin kifi a Wara, ya ce in zana masa wayarin sabon gidansa. A cikin manhajar na ga wata alama, da'ira da gicciye a ciki, na ce lallai fanka ce, ga fikafikanta nan. Na jera takwas a falo, na aika wa wanda Alhaji ya ɗauka don haɗa wayar.

Ashe alamar ƙwan fitila ce. Da na je duba aiki a tsakiyar bazara, na tarar da Alhaji yana fifita da murfin kwano, ƙwai takwas suna ci a kansa.

Ya ce, "Malam, falo na ce maka, ko wurin yin banda?"

Maimakon in amsa laifina, sai na ɗora wa mai haɗa wayar, aka sallami bawan Allah. Sai bayan shekara biyu na iya zuwa neman gafararsa. Don Allah, in ba ku gane alama ba ku tambaya, kada ku bari wani ya ɗauki kunyarku.