Laifin da Na Ɗora wa Idon Baba

Abubuwa da yawa sun wuce ni a sana'ar nan, wasu ko an tuna mini sai na yi da gaske nake gano su. Amma abin da na yi wa Baba mai gyaran rediyo, wannan kam ba zai bar raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Sana'ar tawa sai da bayani, don har yau mahaifiyata cewa take ina haɗa rediyon da ba ya magana. Ƙananan na'urorin kiɗa nake ƙerawa, kowacce ba ta wuce tafin hannu ba. Makaɗan zamani ke jera su a akwati guda su jona su da wayoyi, wannan ta fitar da sauti, waccan ta lanƙwasa shi. Ni nake zana allon lantarkin da ke cikinta a kwamfuta, in tura waje a bugo mini, sannan a zauna a liƙa ƙananan kayan ɗaya bayan ɗaya da dalma. Liƙin nan shi ke cin ido da gadon baya.

Bayan na gama jami'a a nan Wudil na yi zubin farko, guda ashirin da huɗu. Na ga ba zan iya ni kaɗai ba, sai na nemi Baba. Rumfarsa na bakin titi kafin gada, ya fi shekara talatin a wurin. Ranar kasuwa mutanen Achika da Dagumawa kan ajiye masa rediyo da safe su karɓa da la'asar, da wannan yake ci da gidansa. Da na kai masa, ya juya allon a hannunsa ya ce, "Injiniya, waɗannan kaya naka ai ƙwayar gero ce." Ya gyara zaman tabarau ya kama aiki. Wata biyu muka yi. Duk wadda ya gama sai in jona ta da wayar gwajin da na haɗa da hannuna, in ji sautinta tas, in sa a kwali.

Goma na fara turawa, wasu Kano wasu Legas. Ba a yi mako ba wani mai situdiyo a Kano ya kira ni. "Malam, ina jona ta ta yi hayaƙi." Washegari na Legas ya kira, maganar ɗaya. Da na uku ya kira, na roƙi sauran kada su taɓa nasu, su dawo mini da su.

Ban zauna na yi tunani ba, kuma a nan na tafka ta. Raina a ɓace na nufi rumfar Baba, ranar kasuwa, mutane cike a bencinsa. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baba, idonka ya tafi ka ƙi faɗa. Ka ƙona mini kaya."

Ya ɗago a hankali. "A gabanka aka gwada su, Injiniya."

Na ce liƙin da bai kama ba ai a hanya yake saki, na ƙara da wasu maganganun da nake jin kunyar rubutawa. Ya goge bakin ƙarfen liƙinsa ya ci gaba da aikin da ke gabansa, masu jira kuwa suna ta kallon juna.

Na kwashe ashirin da ɗayan da suka rage na ce da kaina zan sake liƙe su. Mako bakwai na yi a kai, a tsakiyar bazara, ɗaki kamar tanda. A kawo wuta in fara, kafin ƙarfe ya yi zafi a ɗauke. Yatsuna duk suka yi tabon ƙuna, wuyana ya sage, na kai ko jin sautin na'urorin ba na so. A cikin kwanakin nan labari ya riƙa zuwa mini cewa mutane sun janye daga rumfar Baba, wai ai injiniyan jami'a da bakinsa ya ce idon tsohon ya mutu. Na ji, ban ce uffan ba. Gaskiya ma a lokacin gani nake ya cancanta.

Ɓera ne ya tona asirina. Wata safiya na tarar ya gwaguye wayar gwajina. Na duba kwalayen da aka dawo da su, na sami wayar kamfani da wani ya haɗo da tasa. Na ɗauki na'urar da na liƙe da hannuna jiya-jiya, na jona ta da wayar. Sai ƙauri, sai siririn hayaƙi.

Na ɗauko mitar awon wuta na bi layukan allon. A zanena na juya bakin da wuta ke shiga, kai ya koma ƙafa. Wayar gwajin ma a juye na haɗa ta, sai kuskure biyu suka rufa wa juna asiri a teburina. Duk wanda ya sa wayar kirki dole ta ƙone. Liƙin Baba ba shi da aibi ko ɗaya, ya ma fi nawa tsabta. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, ko kuka na kasa don gajiya.

Mako uku na ƙara ina jan ƙafa, kunya ta hana ni zuwa. Ranar da na je, mai sayar da cajar waya na tarar a rumfar. Aka ce Baba ya tattara ya koma Dagumawa. Na hau babur na same shi a gona yana noman farko. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, na ce ya yafe mini.

Ya dogara da fartanyarsa ya ce, "Na yafe maka, ɗan nan, tun ranar. Amma a kasuwa ka faɗa, ka zo gona ba da haƙuri. Geron nan ne zai kai musu labari?"

Ranar kasuwa ta gaba na tsaya a bakin rumfar na faɗa wa duk wanda na gane cewa laifina ne, idon Baba ƙalau yake. Suka ce Allah sarki. Wani dattijo riƙe da rediyo ya ce ai sun riga sun saba da wani mai gyara a tasha, ya wuce abinsa. Baba bai sake buɗe rumfa ba.

Har yau ina sana'ar, na gyara zanen, kayana suna tafiya lafiya. Abin da na koya shi ne, kafin in tuhumi hannun wani sai na fara tuhumar abin da nake auna shi da shi, musamman idan ni na haɗa. Allon na sake zana shi a yini biyu. Sunan da Baba ya yi shekara talatin yana ginawa kuwa, ni na rushe shi da bakina, kuma duk iyawata ban iya mayar masa da shi ba.