Yatsa biyu tsakanin Denzil da gida

Maureen Endacott shekarunta saba'in da huɗu. Matar manomi ce mai kiwon tumaki, a gonar Scorracombe da ke gefen tsaunukan Dartmoor. Tun tana amarya take zaune a gidan gonar, kuma tun farkon hunturun bana take kwana a cikinsa ita kaɗai.

Mijinta Denzil ya fita duba tumaki, babur ɗinsa mai ƙafa huɗu ya kife da shi a gangare. Ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafu suka daina aiki, amma hannaye suna nan da ƙarfinsu. Daga asibiti aka mayar da shi gidan jinya a cikin gari. Aka ce ba za a sallame shi ba sai keken guragunsa ya iya kaiwa bakin gado da banɗaki.

Gidan dogo ne, ginin dutse da rufin ciyawa, irin wanda a da mutane da shanu ke shiga ta ƙofa ɗaya. Zauren tsakiya yana da faɗi, don saboda ƙahon saniya aka yi shi. Daga hagu turken shanu ne, babu daɓe babu taga. Daga dama akwai bangon katako baƙi ƙirin, da 'yar ƙofa a jikinsa. Murhu da ɗakin kwana da banɗaki duk suna bayan wannan ƙofa. Maureen ta auna, keken ya fi ƙofar faɗi da yatsa biyu. Ƙaramin keke kuwa ba ya ɗaukar Denzil, don ƙato ne.

Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, ko ƙusa ba a zare wa bangon nan sai da izinin hukuma. Denzil ne da kansa ya yi ta zarya aka sa shi a rajistar, shekarar da aka so a faɗaɗa hanya ta kan harabarsu. Ya daɗe yana alfahari da wannan.

Kafin a ba da izini sai an turo mai tantance darajar gini. Wadda ta zo sunanta Philippa Tremlett, matashiya, da tocila da tef ɗin awo. Maureen ta dafa mata shayi, ta shiga kushe gidanta.

"Ruɓaɓɓen katako ne, 'yar nan. Ƙwari sun gama da shi. Ina jin ma surukina ne ya kafa shi bayan yaƙi."

Philippa ta haska ginshiƙin ƙofar. Ta nuna baƙin da ke jikinsa, ta ce hayaƙi ne na zamanin da ake hura wuta a tsakiyar ɗaki, tun ba a san bututun hayaƙi ba. Ta nuna ƙunar kyandir da magabata suka yi da gangan don tsari. Murna ta bayyana a fuskarta, sai ta tuna abin da wannan zai jawo wa Maureen, ta sauke tocilar.

"Mama, wannan ya haura shekara ɗari biyar. A duk gidan babu abin da ya kai shi daraja."

"To ki rubuta cewa yatsa biyu kawai za a kankare."

"Wurin da za a kankare shi ne wurin da alamun suke."

"Ki rubuta ba ki gani ba."

"Idan na ɓoye, wanda zai duba aikina zai gani, a watsar da neman izinin gaba ɗaya. Zan rubuta halin da Baba yake ciki. Zan kuma ba da shawarar a fasa wata ƙofa ta baya."

"Yaushe za a yarda da wannan?"

Philippa ta ce sai an sake nema daga farko, wataƙila baɗi. Ba ta sha shayin ba.

Maureen ta kai wa Denzil labarin ranar ziyara. Ta tarar da abincinsa a rufe ba a taɓa ba, rigarsa tana yi masa yawa.

"Ka ga aikinka ko, tsoho? Kai ka kira su, ga shi sun fi son katako da kai."

"Ai katakon ya girme ni, tsohuwa, dole a girmama shi."

"Ci abinci."

"Bar shi. In na ƙara ramewa ƙaramin keken zai ɗauke ni."

Ta yi dariya don ta ɗauka wasa ne. A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya ta tare ta, ta ce ya daɗe yana mayar da abinci, kuma ƙashin ƙugu ba ya ramewa.

Washegari Maureen ta je wurin maƙwabcinsu Garth Luscombe, mai gyaran tarakta, ta ce ya zo da zarto. Ya ƙi.

"Haba Maureen, so kike a ɗaure mu tare? Wa zai ba tumaki abinci?"

Ta koma gida ta zauna a zaure tana kallon keken da aka ba ta don gwaji. A jikin kowace taya akwai zoben ƙarfe, wanda mai keken ke kamawa ya tura kansa. Ta ɗora yatsa a kan ɗaya, ta ɗora a kan ɗayan. Kowane zobe ya ƙara wa keken faɗin yatsa ɗaya. Ta kira Garth, ta ce wannan karon sifanar kwance zobban zai kawo.

Garth ya tsuguna ya duba. "Kin san wannan ne ƙafarsa yanzu? In na cire, duk inda za shi sai an tura shi. Kuma keken ba naki ba ne, suna iya cewa ba su yarda ba."

"Ni zan tura."

"Da wannan bayan naki?"

"Cire, Garth."

Garth ya cire zobban. Jiya da hantsi Maureen ta ɗora buhu biyu na abincin tumaki a kan keken, kwatankwacin nauyin mijinta a da. Ta turo shi daga zaure. Tayoyin suka wuce da ƙyar ba su taɓa ginshiƙin ba, sai a bakin murhu ta tsaya tana haki. Ta sake gwadawa da baya. Sannan ta ɗauki waya ta kira gidan jinya, ta ce a gaya wa Denzil ya ci abinci, kuma a turo mai duba gida kafin sallama.