Ranar da Malam Hassoumi Ya Nemi A Ce Masa A'a

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a Gate City Boulevard ya san Malam Hassoumi, mutumin Maraɗi mai shagon taya. Shekara ashirin yana birnin Greensboro na Amurka, ba a taɓa jin ya ce “na yi kuskure” ba, ko da kuwa ya ɗaura taya a baibai. Shi ke shirya wasan ƙwallon Ƙaramar Sallah tsakanin 'yan Nijar da 'yan zangon Gana, kuma shekara uku a jere Gana na lallasa su.

A shekara ta huɗu ya kira Djibrilla, ɗan amininsa, wanda shi ya raɗa masa suna. Djibrilla na buga wa jami'arsu ƙwallo, da ƙwallon ma ya samu gurbin karatun.

“Baba, koci ba zai yarda ba,” in ji Djibrilla.

“Wasan Sallah ne, ba gasar Coupe d'Afrique ba. Ni za ka kunyata?”

Djibrilla ya sunkuyar da kai, ranar wasa ya zo ya ci ƙwallo biyu. Hassoumi da kansa ya watsa bidiyon wasan ko'ina don 'yan Gana su ji haushi, har ya isa jami'a. Ashe doka ta hana ɗan wasan jami'a buga wa wata ƙungiya ana cikin zangon karatu. Aka dakatar da shi, aka ce sai an kai bayani ga hukumar wasanni, ita za ta ce ya dawo ko kada ya dawo.

Hassoumi ya kwana biyu abinci bai yi masa daɗi ba. A rana ta uku ya rufe shago, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Ya rubuta wa jami'a takardar amsa laifi da Faransanci, ya ba 'yarsa Anissa ta mayar Turanci. Inda ya ce “na tilasta shi,” ta sassauta ta sa “na gayyace shi.” Da ta karanta masa, ya ce ta mayar yadda yake.

Ya sa babbar riga ya tafi ofishin matar da ke kula da dokokin wasanni a jami'ar. Ta karanta, ta ɗago kai.

“Me ya sa bai ce maka a'a ba kawai?”

“Madam, a wurinmu yaro ba ya ce wa wanda ya raɗa masa suna a'a. Na san haka sarai, shi ya sa ni na kira shi da kaina.”

Ni dai da na raka shi ofishin, ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Aka haɗa takardarsa da ta jami'a. Bayan makonni amsa ta zo: Djibrilla zai zauna wasa biyu a benci, sannan ya koma fili.

Da yamma Djibrilla ya zo shago ya durƙusa zai yi godiya. Hassoumi ya ajiye sifana, ya goge hannu.

“Tashi. Baɗi za ka buga mana?”

Djibrilla ya yi ta kallon ƙasa.

“Tambayarka nake, ɗana. Dube ni ka ba ni amsa.”

Da ƙyar muryar ta fito. “A'a, Baba.”

“Madalla,” in ji Hassoumi, idonsa ya ciko. “Sake faɗa, ban ji da kyau ba.”