Casilda Mai Duba Azurfar Rairayi

Yayata Casilda ta shekara arba'in da biyu tana soya kifi a bakin tekun Nombre de Dios, ni kuma ina gefenta ina gurzar kwakwa, ina faɗa da ƙudaje da masu saye. Amma ba don kifi aka san ta ba. Daga nan har Portobelo, duk wanda na'urarsa ta gano ƙarfe ta yi kuka a rairayi, ya tono wani baƙin abu, rumfarmu yake dosa.

Babanmu maƙerin azurfa ne. Da bai samu ɗa namiji ba, sai ya zaunar da ita gaban sikeli tun tana shekara tara. Ni ma ya gwada ni, ya ce hannuna na fasa kwakwa ne. Shi ya koya mata cewa sulallan Sifaniyawa da alfadarai suka riƙa saukewa a garin nan a zamanin da duk na bugu ne, ba na zubi ba: a yanko guntun azurfa, a ɗora a maƙera, a maka masa hatimi da guduma. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya, kowanne da tasa karkacewar. Ta san inda ake neman harafin garin da aka buga shi, Potosí ne ko Lima, ko da teku ta cinye rabin fuskarsa. Takan goge hannu a siket, ta ɗora abin a tafin hannunta, ta maƙala gilashin Baba a ido, ta faɗi abin da ta gani a kalma uku ko huɗu, ta koma kan kaskonta. Ba ta taɓa sassauta wa kowa ba. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo nasa a naɗe cikin auduga, ta ce masa maɓallin wandon soja ne. Shekara biyu bai ci kifinmu ba.

Masu wanke abin da suka tono su suka fi ƙona mata rai. Mutanenmu ba sa iya ganin azurfa ta yi baƙi su ƙyale ta. Sai sun dirje ta da toka da lemun tsami kamar gindin tukunya, su kawo tana walƙiya, babu shekara babu harafi.

"Madalla, ka wanke ta tas," takan ce. "Yanzu je ka tambayi tokar a wace shekara aka buga."

Cikin masu zuwan nan babu wanda ya kai Anacleto naci. Shi ya riƙe 'yar Casilda ranar baftisma, don haka compadre take ce masa, shi kuma ya ce mata comadre. A da masunci ne. Da kafaɗarsa ta ƙi jan taru, wani Bature mai jirgin ruwa ya bar masa tsohuwar na'ura, shi ke nan ya shiga sharar rairayi da ita, shekara goma sha tara. Ya tara murafun kwalba da kunnuwan gwangwani da dalmar taru da za su cika kwalekwale, ya tsinci zoben aure sau biyu ya mayar wa masu shi, amma sule na gaske ko ɗaya. Waɗanda suka fara jiya sun samu, shi shiru. Ana cewa mai nema yana tare da samu. Ni tun da na ga Anacleto na daina faɗin wannan maganar.

Na gaji da shi, ba zan ɓoye ba. Kullum da hantsi sai ya zo ya zazzage jakarsa a kan teburin da muke gyaran kifi.

"Comadre, duba min wannan, yana da nauyi."

"Dalma ce, compadre."

"Wannan fa? Kamar na ga gicciye."

"Eufemia, zuba masa shinkafa, rana ta fara taɓa shi."

Bana ƙafafunsa suka kumbura, ya faɗi sau biyu a bakin ruwa. 'Yarsa Yariela, mai aikin jinya a Colón, ta bugo waya ta ce ranar Lahadi za ta zo ta tafi da shi, ya daina zama abin dariyar gari. Haka ta faɗa, kuma duk rumfa ta ji, don wayar tasa ba ta iya magana a hankali. Bai yi gardamar tafiya ba, shi ma ya san jikin ya ƙi. Abin da ke cinsa shi ne ya hau motar hannu rabbana, 'yarsa ta tabbatar ubanta ya zubar da shekara goma sha tara yana sauraron murafun kwalba.

A makon nan teku ta yi kwana uku tana hauka, ta zaftare gaɓa wajen tsohon rimi. Ranar Alhamis Anacleto ya shigo, bai zazzage jaka ba, hankici ya buɗe. Babban sule ne, mai riyal takwas na Sifaniyawa, baƙi ƙirin, ga gicciye, ga zaki da hasumiya a kusurwoyi. Bai wanke ba, faɗan Casilda na shekaru ya shiga kunnensa. Ni kaina sai da na ajiye magurji.

Casilda ta juya gefen sulen, ta bi shi da farce. Ko gilashi ba ta ɗauko ba. Ta tsaya a haka har kifi ya fara ƙonewa na kwashe. Sannan ta ce masa ya zauna, ta shiga gida, ta fito da wani gwangwanin madara mai tsatsa da ban taɓa gani ba, ta juye shi a tebur. Sulalla biyar suka zubo. Karkacewarsu ɗaya da nasa, tsaguwar da ke ƙafar zaki ma ɗaya.

"Aikin Ruperto ne," in ji ta.

Ruperto mijinta ne, Allah ya ji ƙansa, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwa. Mutum ne mai fara'a, mai hannu, marar tsayayyen aiki. Ashe lokacin da nake gidan aure a Palenque ya zari sule na gaske a akwatin Baba, ya danna a laka, ya riƙa zuba irinsa yana sayar wa baƙin jiragen ruwa. Sabon zubi fari ne, ba mai saye, don haka yakan shafe su da gwaiduwar ƙwai ya binne a rairayi mai gishiri wata shida su yi baƙi. Da giya a kansa yake binnewa, ba kowane rami yake tunawa ba. Casilda ta kama shi, ta ƙwace ragowar, ta fasa lakar, ta rufe bakinta shekara talatin.

Anacleto ya daɗe yana kallon su shidan. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ruperto ɗan banza. Yana kabari ma bai daina zolayata ba." Ya shafa fuska. "Ko azurfar ma ce, comadre?"

"Rabi. Cokulan Mama ne, da tagulla."

Na buɗe baki zan yi magana kan cokulan nan, don har gobe akwai 'yar'uwarmu da ba na gaisawa da ita a kansu, sai na ga fuskar tsohon na haɗiye.

Ya tsinci nasa ya naɗe a hankici. "To, ni dai kin faɗa min, na ji. Ba sai kowa ya ji ba." Ya ja ƙafa ya fita.

Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Ranar Asabar na ce mata, "Yaya, ƙarya ɗaya ai ba ta rushe coci."

"Ke rufe min baki. Ruperto ya yi ƙaryar da ta ishi gidan nan. In na ce wannan na gaske ne, da wane baki zan duba na gobe?"

"To ki bar tsoho ya tafi da kunya, ke ki zauna da bakinki."

Ta juya kifi ba ta kalle ni ba.

Lahadi bayan coci Yariela ta iso da farin takalminta, tana duban agogo. An riga an ɗaure akwatin uban. Ya kawo ta rumfa, ya buɗe hankici a tebur, ya kafa wa teku ido.

"Doña Casi," in ji Yariela, "Papa ya ce wai ya samu. Ni ba na son a yi ta wasa da hankalin tsoho. Ke ce ba kya ƙarya, duk gari ya sani. Na gaske ne?"

Casilda ta goge hannu, ta ɗauko gilashi ta maƙala, ta daɗe tana duban abin da ta sani tun yarinyar ba ta shiga makaranta ba.

"Potosí," ta ce. "Mai takwas. Kada ki wanke, kada ki sayar, kada ki kai wa kowa ya duba. Na gidanku ne."

Yariela ta karɓi hankicin da hannu biyu. Ta ce, "Papa, ashe dai..." ba ta ƙarasa ba. Ita da kanta ta ɗauki akwatinsa har mota, tana tafiya daidai da tafiyarsa. Shi kuwa bai waiwayo ba. Kunya ce ko godiya, ban sani ba.

Washegari wani mutum daga Viento Frío ya zo da ɗan ƙaramin baƙin abu, ko ni daga inda nake na ga alamar na ƙwarai ne. Casilda ba ta miƙa hannu ba.

"Idona ya mutu, ɗana. Je ka Portobelo."

Idonta lafiya lau, da la'asar ɗin nan ma ita ta zura min zare a allura. Na ji haushinta, na ji haushin Ruperto, na ji haushin kaina da na zuga ta, amma ban ƙara tayar da maganar ba. Har yanzu suna zuwa ɗai-ɗai da hankicinsu, ita kuma ta tambaye su da soyayyar ayaba za su ci kifin ko da shinkafa.