Sandar Hajja Maryama ta daina bugun silin

Ina ɗaure igiyar takalmin rawa ranar Talata da hantsi sai na ji kuka daga ɗakin ƙasa. Kafin in kai matakala, Samira, 'yar maƙwabciyata, ta tare ni, ta ce, "Mama ta tafi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hajja Maryama, Bahaushiyar Sudan da ke zaune ƙasan ɗakina a unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira, ta rasu.

Wata takwas ke nan da na shiga ajin rawar mutanen Ireland, na mata zalla, da wata dattijuwa 'yar can take koyarwa. Kaɗaici ne ya kai ni. Rawa ce ta ƙafa kawai: hannu a manne da jiki, baya a miƙe, ana tsalle a kan yatsu. Ni da na tashi ina rawa da kafaɗa, wallahi na sha wuya. Kuma a ɓoye nake yi, domin Yaya Nura, wanda ya ɗauko ni karatu Alƙahira, ya gaya mini tun a filin jirgi cewa in ya ji abu ɗaya, Gusau zan koma.

Kwana uku da fara gwaji a ɗaki, na ji an doki silin daga ƙasa. Sai ga Hajja ta hawo da sandarta tana haki, ta zauna, ta ce in yi ta gani. Na yi.

"Ƙafarki ta hagu makara take yi," in ji ta. "Daga ƙasa nake jinta. Sake."

Tun ranar, in na ɓata ƙirga sai ta buga sau ɗaya, in na yi daidai sau biyu. Ita ta saƙala mini takarda a hammata don hannuna ya daina tashi. Amma ta ja mini kunne: "Ba zan kai ƙararki ba, ba kuma zan yi miki ƙarya ba. Bakinki ne zai gaya masa, 'yata."

Wata Juma'a Yaya yana ɗakina sai ta shigo. Ya tambaye ta ko ina damunta. Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta ce, "Ƙanwarka ta hana ni zaman shiru, Malam. Na gode mata." Ta sha shayinta.

Na yi ta ɗaga maganar, tsoro ya hana ni, har ta rasu ban cika mata ba. Wannan ne yake ci na.

Ranar uku, a ƙofar gidan makoki, na gaya wa Yaya komai. Ina gamawa na fara tunanin akwatin da zan haɗa.

"Hajja ta sani?"

"Tun farko, Yaya."

Ya sunkuyar da kai. "Matar da ta kai shekara saba'in tana tsoron Allah ta ji, ba ta hana ki ba. Khalas, shi ke nan. Ki riƙe karatunki."

Allah Ya jiƙan Hajja Maryama, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta ni. Allah Ya ba Samira da 'yan uwanta haƙuri. Jiya na ɗaura takalmin, na ɓata ƙirga a ƙafar hagu, na tsaya ina jira. Ba a buga ba.