Bututun da Ya Kalli Dakali

Likitan ido ne ya ce wa maiɗakina hayaƙin suya na cin idonta, in ba ta rabu da shi ba, karatun Alƙur'ani ma sai ya gagare ta. Babban ɗanmu ya ji, ya aiko daga Kano da na'urar zuƙar hayaƙi, irin wadda ake ratayawa a silin, saman murhun gas. Kamar ƙwarya take a kife, sai dai ta ƙarfe ce, da fanka a cikinta.

Mai waldar unguwarmu a Tudun Wada ya zo ɗaurawa. Ya ƙwanƙwasa silin, ya ce ba zai ɗauke ta ba, ya saƙalo mata ƙarafa daga katakon rufi. Da aka zo kan bututun fitar da hayaƙi sai ya yi mana darasi: gajere ya fi ja, kowace kwana rage masa ƙarfi take. Na daɗe ina koyar da kimiyya a firamare, ban sami abin gyarawa ba. Aka fasa bangon da ya fi kusa.

Bayan bangon nan dakali ne, inda dattawan layi ke zama bayan la'asar. Cikinsu akwai wani tsohon masunci da ruwan madatsar Tiga ya tashi ƙauyensu tun yana saurayi. Ranar farko ina fitowa ya tare ni.

"Malam, a gai da Hajiya da aiki. Karfasa ce yau, an kuma sa citta."

"Baba, duba ka fara?"

"Wane duba? Ga shi ana hura mana a ƙeya."

A wurinmu kuwa, in ƙanshin tukunya ya shiga hancin maƙwabci, kunya ce kwano bai bi shi ba. Hajiya ta aika. Washegari tarwaɗa, ta aika. Kafin wata ya ƙare dakalin ya cika da mutanen da ban san ƙafarsu na kawo su layinmu ba, ni kuma maigida na koma cin kai da jela.

Wata rana na dawo na tarar da kicin a rufe, fanka shiru. Na tura ƙofa. Tana tsaye cikin hayaƙi, ido jawur, hawaye har haɓa.

"Hajiya, wuta aka ɗauke?"

"Rufa mana asiri, Malam, ja ƙofar. Kifin ba zai kai dakali ba."

"To idon fa?"

"Ido ai nawa ne, ba wanda zai ce na yi masa rowarsa."

Ban yi musu ba, na je na ɗauko mai walda. Ya toshe ramin bango yana ƙunƙuni, ya lanƙwasa bututun sama, ya huda kwanon rufi, ya ɗora masa 'yar hula saboda ruwan sama. Ya ce jan zai ragu, kada a zo a kama sunansa. Ya ragu ɗin, amma ya isa.

Da yammar nan Hajiya ta kunna fanka, ta bar ƙofa a buɗe, ta soya kifinta ido garau. Ta leƙo ta ce in je in ji ko akwai ƙanshi a waje. Na je na shinshina, babu.

"Madalla," ta ce. Ta zaɓi mai tsoka ta sa a kwano. "Kai wa Baba shi kaɗai. Ka bi ta ƙofar gidansa."